In An Saya Ba A Dawowa: Yadda Takalmi Ya Kusa Fasa Auren Ƙanena

 Tun da na fara rubutu a wannan fili ban taɓa kwance wa kaina zani a kasuwa ba, amma yau zan yi, domin abin da zan ba ku labari a kasuwar ya faru, kuma ni ce na tafka wautar da hannuna.

Ƙanena da ke bi na malamin makaranta ne. Shekara biyu cur ya yi yana tara kuɗin lefe, ya shiga adashi, ya rage cefane, har ɗan babur ɗinsa sai da ya sayar. Ranar da kuɗin suka haɗu ya zo gidana bayan isha'i ya zube su a gabana, ya ce, "Yaya, ga shi nan, ke ce uwa ke ce uba. Ki yi yadda kika ga ya dace, ni dai kada a ji kunya." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai lefe ba baƙona ba ne, wannan ne na huɗu da zan haɗa a danginmu.

To, ita yarinyar da zai aura sau biyu na taɓa ganin ta. Duka biyun kuwa a zaune na same ta a kan tabarma, cikin hijabi har ƙasa, kanta a sunkuye saboda kunyar yayar miji. Fuskarta 'yar firit, muryarta ƙasa-ƙasa. A raina na yanke cewa 'yar ƙaramar halitta ce. Kada in yi wa kaina ƙarya, tunanin tambaya ya zo mini. Na ce wa Gwaggonmu, wadda za mu shiga kasuwar tare, ko a aika gidansu a karɓo lambar takalminta da awon rigarta. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, a ina kika taɓa jin an yi haka? Sai ka ce za a yi mata gwajin shiga soja? Ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Na yi dariya na bar maganar. Ga waya a hannun ango, kullum suna hira har dare ya raba, da na ce masa ya tambaye ta da minti ɗaya an gama. Ban yi ba.

Kwana uku muka yi muna zirga-zirga. Atamfa da leshi da shadda a wani shago, abaya da mayafai a wani, takalma da jakunkuna a wani kanti mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ƙananan kaya kuma wurin wata mata. Ba zan faɗi sunan ko ɗaya ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na sayi takalma ƙafa shida, dukansu lamba 38. Na sayi abaya uku lamba 54. Rigunan mama kuwa dozin guda na kwasa, iri ɗaya, lamba ɗaya. Da muka zo jera kaya a akwatuna sai kwalayen takalman suka ƙi shiga, na ce wa yara su fitar da takalman su zubar da kwalayen. Takardun kuɗin da ke maƙale a jikin jakunkuna da takalma kuma na bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya, wai don kada dangin amarya su ga farashi. Abayoyin ne kawai suka tsira, don suna cikin ledarsu a liƙe, na ga sun fi kyau a haka.

Aka kai lefe ranar Lahadi, aka yi guɗa, aka ba mu tukuici, muka dawo muna yabon kanmu. Ranar Laraba da daddare sai ga ƙanena ya faɗo mini gida ko sallamar kirki babu, idonsa jajir. Ya ce, "Yaya, me kuka kai wa yarinyar nan?"

Ashe amaryarmu doguwa ce sambal, ta fi angon ma da ɗan yatsa. Takalminta 41. Abayar da na saya a ƙwaurinta ta tsaya. Rigar mama ko ɗaya ba ta zagaya ta ba. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, a yi dariya a wuce. To amma kowa a unguwarsu ya san cewa kafin ita ƙanena ya nemi wata yarinya har an kusa sa rana abin ya watse, kuma waccan gajeriya ce 'yar dirƙa. Sai wata ƙanwar babanta ta ɗaga takalmin nan a tsakar gida ta ce, "Wannan ai ba naki ba ne, 'yata. Lefen waccan ne aka ajiye, da ta ƙi shi aka kakkaɓe aka kawo miki." Yarinya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta kashe waya. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Babanta ya aiko cewa a dakata da maganar ɗaurin aure tukuna, saura mako uku.

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Gari na wayewa na aika aka karɓo mini kayan da ba su yi ba, na ɗauki jakata na koma kasuwa, ni kaɗai, don Gwaggo cewa ta yi ƙafarta ta motsa.

Na fara da kantin takalma. Yaron da ya yi ta "Hajiya, Hajiya" yana ba ni ruwan sanyi ranar da na zo da kuɗi, yau kallon baƙuwa ya yi mini. Ya kira maigidansa. Alhajin ya saurare ni tsaf, ya jajanta, sannan ya ce in ba shi rasit. Na ba shi. Ya sa yatsa a can ƙasa, wurin wani siririn rubutu da sai ka ƙura ido, ya ce, "Hajiya, karanta nan." An rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Na ce, "Alhaji, ba kuɗi nake so ba, canji nake so, ka ba ni 41." Ya ce, "Ina kwalayen? Ina takardar jiki? Hajiya, ko na so in taimake ki, wa zan sayar wa takalmi tsirara a matsayin sabo? Kuma dubi ƙasan wannan, an taka shi a siminti." Gaskiyarsa, garin gwadawa an taka guda biyu. Na yi magiya, na kawo maganar aure, na kawo maganar maraici, ya ce abin da zai iya shi ne ya rage mini wani abu in zan sayi sababbi. Na fito ina jin zuciyata kamar ta fashe, amma da na zauna a adaidaita sahu na yi tunani, ban ga inda mutumin nan ya cuce ni ba. Ni ce na ce 38, shi kuma 38 ya ba ni.

A shagon abaya labari ya sha bamban. Mai shagon ya duba ya ga ledar lafiya, biyu ma ba a buɗe ba, ta ukun an buɗe amma takardar na jiki, ba turare ba hoda. Ya ce kuɗi kam ba ya mayarwa, ko ubansa ne ya zo, amma canji yana yi muddin ba a wuce mako biyu ba. Shi ne ya fara wayar mini da kai a kan abin da na yi shekaru ina saye ban sani ba. Ya ce, "Hajiya, ai lambar abaya ba ƙiba take nunawa ba, tsawo ne. In kin ga 54, inci 54 ke nan daga kafaɗa zuwa ƙasa. Doguwar mace sai 58 ko 60. Faɗin jiki kuma shi ake sa wa harafi, S ko M ko L ko XL." Ni a da in na ga mace mai jiki sai in ce a ba ni babbar lamba, in na ga siririya in ce ƙarama. Kun ji inda jahilci ya kai ni. Ya ba ni 60 guda uku, ɗaya ta fi tsada na cika kuɗi.

Na uku shi ne shagon atamfa, kuma a nan ne na gane akwai bambanci tsakanin kayan da bai yi maka ba da kayan da ke da aibi. Cikin fushinsu dangin amarya sun bi kowane turmi sun warware, har suka kira tela ya auna. Leshi ɗaya da aka sayar mini a matsayin yadi 5 ya fito yadi 4 da rabi. Atamfa ɗaya kuma can cikin ninki akwai wani dogon layi fari inda rini bai kama ba. Mai shagon ya fara da cewa shi ma haka ya saro, ba shi ya saƙa ba. Na ce, "Malam, na yarda ba kai ka saƙa ba, amma kai ka ce mini biyar ne, kuɗin biyar kuma na ba ka." Murya ta fara tashi, maƙwabtansa suka matso. Wani dattijo da suke kira shugaban layi ya sa aka auna leshin a gaban kowa, ya duba atamfar, ya ce masa, "Wannan ba maganar alfarma ba ce, haƙƙinta ne. Ka canja mata, kai ma ka mayar wa wanda ya ba ka." Nan take aka canja.

Ya ke 'yar uwa, wannan bambancin ya kamata kowace mace ta riƙe shi kafin ta shiga kasuwa. Idan kaya na da aibin da aka ɓoye, ko awo bai cika ba, ko aka ce miki abu kaza ne ya fito wani abu daban, kina da baki. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba yana da zaɓin mayarwa. Dokar ƙasa ma ta tsaya miki. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, ko kayan da aka aiko masa bai samu dubawa ba ya ga sun saɓa da abin da aka kwatanta masa, muddin bai yi jinkirin da ya wuce hankali ba. Rubutun ƙasan rasit ba ya goge wannan haƙƙi. A Kano ma gwamnatin jiha na da tata hukumar da ake kai irin wannan ƙorafi. Amma idan kaya lafiyarsa ƙalau, ke ce kika yi kuskuren lamba, ko kika je gida maigida ya ce kalar ba ta yi masa ba, to kin koma mai roƙon alfarma. In ya karɓa ya kyauta, yana da lada, in ya ƙi ba ki da abin cewa. Sai fa idan kun yi sharaɗi tun farko.

Wannan sharaɗin shi ne abin da ban yi ba, kuma shi ne ba ya cin ko sisi. Lokacinsa kuwa ɗan ƙanƙani ne: bayan an sallama, kafin kuɗi su bar hannunki. A wannan ɗan tsakanin ke ce sarauniya, mai shago ba ya son ciniki ya kuɓuce masa, kusan duk abin da kika nema na hankali zai yarda. Da zarar kuɗi sun shiga aljihunsa ko taransifa ta faɗa, sarautar ta koma wurinsa. Yanzu ni abin da nake cewa shi ne, "Alhaji, wannan ba nawa ba ne, na amarya ne, lambarta kaza. In bai yi ba zan dawo da shi zuwa ranar Asabar, ka yarda?" In ya ce ya yarda, sai in ƙara tambaya, kuɗi zai ba ni ko canji? In canji ne kuma ba shi da lambar fa? Sannan in ce ya rubuta a bayan rasit da hannunsa, ya sa kwanan wata. Wasu sukan yi dariya su ce Hajiya ko lauya ce. In ce a'a, wadda maciji ya sara ce. Kuma ki tabbata da mai shagon kika yi magana, domin alƙawarin yaron shago ko na dillalin da ya taro ki daga bakin ƙofa, ranar da kika dawo ba za ki ga ko ƙurarsa ba.

Kowane irin wuri da tasa al'adar. Manyan kantuna masu na'urar buga rasit galibi suna da tsayayyar ƙa'ida ta kwanaki, ba ragi ba roƙo, amma in kin cika ƙa'idar ba sa wahalar da ke. A kasuwa irin Kantin Kwari, inda mutanen Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari, abin ya fi tafiya da sanayya da mutunci: turmin da ba a yanka ba, ba a cire takardarsa ba, mai shagon da ya san fuskarki ba kasafai yake ƙin canja shi ba. Yadin da aka sa wa almakashi daga bandir saboda ke kuwa ya zama naki har abada, sai in aibi ne da shi. Gwanjo a Ƙofar Wambai ba a maganar dawowa, abin da idonki ya gani shi kika saya. Ƙananan kayan ciki babu inda ake karɓar su, kuma daidai ne, ke ma ba za ki so a sayar miki da wanda wata ta gwada ba. Dozin ɗin nan tawa haka na raba wa 'yammatan dangi. Su kuwa masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram, waɗanda hoto kawai kike gani, kafin ki tura kuɗi ki sa ta rubuta miki a saƙo cewa za ta canja in bai yi ba, da wanda zai biya kuɗin ɗan aike. Ki ce ta ɗora tef a kan rigar ta ɗauko miki hoto, kada ki yarda da "zai yi miki, Hajiya, firi sayiz ne." Babu rigar da take yi wa kowa.

Maganar tef ta kawo mu ga awo. Tun daga wancan abin ban ƙara fita kasuwa ba tef ɗin tela a jakata ba, kusa da carbi yake zama. Dalili kuwa, lambar da ke jikin kaya ba harshe ɗaya take yi ba. Rigar da Ingila ta kira 12, Amurka 8 take ce mata, a yawancin ƙasashen Turai kuma 40 ce, shi ya sa a tulin gwanjo za ki ga riguna uku girma ɗaya lamba uku. Kayan ƙasar Sin sau da yawa XL ɗinsu bai wuce M ko L na wasu ba. Rigar mama ma haka: wata an rubuta 36, wata 80, alhali abu ɗaya ne, ta farkon lissafin Ingila, ta biyun na santimita, 34 ita ce 75, 38 ita ce 85. Lambar zagayen ƙasan ƙirji take nunawa, harafin da ke biye da ita shi ne girman mazaunin. Wadda ta riƙe lamba ta manta harafi rabin awo ta riƙe. Abin da ba ya ƙarya shi ne inci. Ki sa a auna ki a gida, ƙirji da ƙugu da mazaunai da kafaɗa da tsawon hannu da tsawon riga, ki rubuta a 'yar takarda. A shago sai ki shimfiɗa rigar, ki auna faɗinta daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu, ki ga ko ta ɗara awonki da inci biyu ko uku na walwala. Kuma awon bara ba na bana ba ne, balle ga mai jego ko wadda ta fito daga azumi.

In akwai wurin gwaji, ki gwada, kada kunya ta hana ki. Kuma kada ki tsaya ƙiƙam gaban madubi kina shanye ciki. Ki zauna, ki ɗaga hannu sama kamar za ki sauko da tukunya daga kanta, ki sunkuya kamar mai ruku'u. Rigar da ta yi miki kyau a tsaye ta hana ki numfashi a zaune, a gidan biki za ta ba ki kunya, domin a can zama ake yi ana cin shinkafa.

Takalmi kuwa, iyayenmu sun fi mu dabara. Ina tuna Innarmu in Sallah ta matso, sai ta tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya ta karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar kowa, ta ƙulla zare mai kala daban a kan kowane tsinke, ta tafi kasuwa da su a bakin zani. Duk takalmin da tsinke ya shiga ya bar ɗan wuri, shi ne. Ba ta taɓa dawowa da wanda bai yi ba. Tsakanin lamba da lamba a lissafin Turai, wato su 38 da 39 da 40, bai kai santimita ɗaya ba, kashi biyu ne cikin uku, don haka kamfani na ɗan kuskurewa lamba ta goce. Idan ke za ki gwada da kanki, ki bari sai da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirga, ki sa duka biyun don ƙafa ɗaya takan fi ɗaya, ki taka a kan kwali ko darduma. Duk mai ce miki "zai buɗe" ki tambaye shi ko fata ce. Fata takan ɗan saki a faɗi, roba ba ta saki, tsawo kuwa ba ya ƙaruwa ko na wane iri ne.

Sai atamfa da danginta, inda nake jin an fi yi mana sakiyar da ba ruwa. Tun da masaƙunmu suka durƙushe, irin su KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, yawancin abin da ke cika shaguna daga ƙasar Sin yake zuwa. Ba na kushe 'yar Caina, akwai mai kyau a ciki, ina ɗaurawa. Abin da na ƙi shi ne a sayar mini da ita da sunan Holan. Ainihin Holan kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond, kamfanin da ke nan tun 1846, kamar yadda shaddar da muke ce wa Gezna ta kamfanin Getzner ce a ƙasar Ostiriya. Masu kwaikwayo sun iya buga takarda da tambari da rubutun gefe, don haka takarda kaɗai ba shaida ba ce. Ki juya bayan zanin: atamfar da aka yi da kakin gaske rininta ya ratsa, ciki da waje kusan ɗaya ne, wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari yake. Ki murza gefen da yatsu ki ji ko sitaci ne ya ba ta ƙarfi. Ki jiƙa farin hankici ki goga a kusurwa ki ga ko tana zuba. Ki fito da ita bakin ƙofa, domin fitilar shago takan mayar da ruwan toka shuɗi. In farashi ya yi daɗin da ya wuce hankali, ki san dalili.

Kuma a warware, a auna a gabanki, ko mai shago ya ɓata rai. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yadi 5. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗara inci 39 kaɗan, don haka mita 5 ta kusa yadi 5 da rabi. Wasu shaddodin da mita ake yanko su, sai a saro da mita a sayar miki da yadi a farashi ɗaya. Ki tambaya da wanne ake awon. Wannan rabin yadin da kike rainawa shi ne ɗankwalinki, ko hannun rigar maigida. Yadin auduga kuma yakan ɗan tsuke a wankin farko, shi ya sa nake jiƙa na yara kafin in kai wa tela, in kuma ce masa ya bar rara a cikin ɗinki yadda za a iya buɗewa in jiki ya ƙaru.

Na san kuna jiran ku ji yadda aka ƙare da maganar aure. Da na dawo daga kasuwa ranar, na zazzage jakata a kan gado ina lissafin asara, sai idona ya faɗa kan rasit ɗin nan na kantin takalma, wanda Alhaji ya nuna mini ƙasansa. Wannan karon samansa na kalla. Ga kwanan wata ɓaro-ɓaro, na'ura ce ta buga, kwana tara kafin a kai lefe. Ita kuwa waccan yarinyar fiye da shekara guda da rabuwarsu, har ta yi aure. Na tattara sauran rasit ɗin duka, na sa mayafi, ban jira Gwaggo ba, ban jira kowa ba.

Na sami mahaifiyar amarya a ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce, "Mama, ni ce mai laifi, ba yaron nan ba. Ni na sayi kayan nan da hannuna, ga takardunsu, a duba ranar. Sau biyu na ga 'yarki, duka a zaune, kunya ta hana ni tambaya." Ta kira ɗanta ɗan sakandare ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Yanzu ke duk tsawon yarinyar nan ba ki gani ba? Ai a gidan nan ita ke ciro mana kaya daga saman sif." Ta fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Ta leƙa tsakar gida ta ce a kira ta.

Ta shigo, ta sunkuyo kafin ta wuce ƙofar ɗakin. Ranar na fara ganin ta a tsaye. Na fito da sabon tef ɗin da na saya a hanya, na ce, "Ƙanwata, yau kam ba kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Miƙe sosai." Tana rufe fuska tana dariya na auna ta tun daga kafaɗa har ƙasa, na sa ta taka farar takarda na zana ƙafarta da biro, mahaifiyarta na faɗa wa yaron yana rubutawa.

Takalma shida na sake saye da kuɗina, sai da na sayar da zobena guda, ban kuma gaya wa ƙanena ba sai yanzu da zai karanta a nan. An ɗaura aure a ranar da aka sa, ba a ɗaga ba. Tsofaffin takalman, huɗu na sayar wa maƙwabta a rabin kuɗi, ɗaya 'yata ta gaje. Na shidan amarya ce ta ce a bar mata. Yana nan a cikin sif ɗinta har yau, ja mai tsini, ko sau ɗaya ba a fita da shi ba. Duk ranar da na je gidan na fara yi mata faɗan wani abu irin na yayar miji, sai ta tashi sumui-sumui ta ɗauko shi ta ajiye a gabana, ta ce, "Yaya, ko za ki gwada?"